Ababen hawa masu lantarki: nisan da batir ke ci da yadda ake cajinsa a karkarar Kano

Tun bayan da shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ci wa mazauna karkara tuwo a ƙwarya a Najeriya.

Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 kafin sanarwar ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan a watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000 a wurare da dama.

Wannan ya sa hankali ya fara karkata ga babura da kekuna masu ƙafa uku da motocin da ke aiki da batir maimakon mai.

Tambayar da mai son saye ya kan fara yi ita ce: caji ɗaya kilomita nawa zai kai ni?

To sai dai a yanki irin na arewacin jihar Kano, inda ƙauyuka ke kusa da juna, nisan tafiya ne mafi sauƙin matsalolin. Abin da zai yanke hukunci kan riba ko asara shi ne inda za a samu wutar caji, da kuma yadda za a kare batirin daga zafi.

Yanayin yankin

Ƙananan hukumomin da ke arewa da birnin Kano, irin su Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, suna cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma.

Masanin ilimin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun a shekarun 1960.

Ya bayyana yadda ake noma kusan kowace gona a kowace shekara ba tare da hutu ba, da yadda jakuna ke kai itace da amfanin gona birni su komo da taki.

Wannan kai da komo yana nan har gobe, illa dai babur da keke mai ƙafa uku da ƙananan motoci sun karɓi kaso mai yawa na aikin jaki.

Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, amma a karkara babur ne ke kai mutum kasuwa da asibiti da gona.

Tafiye-tafiyen kuwa gajeru ne. Daga Kano zuwa Bichi kimanin kilomita 40 ne a kan hanyar Katsina, zuwa Ɗambatta kuma kimanin 50 a kan hanyar Daura. Babbar kasuwar hatsi ta Dawanau tana bakin birni ne a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa.

Daga ƙauye zuwa bakin kwalta ko zuwa kasuwar mako sau da yawa ba ya wuce 'yan kilomitoci.

Yadda ake auna batir

Ana auna abin da batir ke iya ɗauka da ma'aunin kilowat-awa, wanda shi ne yunit ɗin da mitar lantarki ta gida ke ƙirgawa.

Batirin babur mai ɗaukar fasinja ya kan ɗauki yunit 2 zuwa 4. Na keke mai ƙafa uku ya kan ɗauki daga yunit 4 zuwa 10. Na mota kuwa ya kan kama daga yunit 40 zuwa 80, wasu ma su haura 100.

Abu na biyu shi ne yawan wutar da abin hawan ke sha. Matsakaiciyar mota tana shan yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100. Babur yana shan wajen 3 zuwa 4 a wannan nisa.

Daga waɗannan alƙaluma biyu ake fitar da nisan zango. Alal misali, babur mai batirin yunit 3 da ke shan yunit 4 a kilomita 100 zai yi tafiyar kilomita 75 kafin batirin ya ƙare.

A kan wasu batura ba a rubuta yunit, sai a rubuta bolt da amfiya-awa. Idan aka ninka su aka raba da 1,000 za a samu yunit. Batir mai bolt 72 da amfiya-awa 40 yana ɗaukar kusan yunit 3 ke nan.

Dalilin da ya sa lantarki ya fi mai auki

Litar fetur guda tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Amma injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawansa a matsayin zafi, wanda ke fita ta salansa da lagireto.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin 100 na makamashin fetur ne kawai ke isa ga tayoyi. A motar lantarki kuwa fiye da kashi 77 cikin 100 na wutar da aka ja ne ke isa.

Bugu da ƙari, motar lantarki ba ta shan wani abin kirki idan tana tsaye a cunkoso. Idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin ya kan koma tamkar janareta ya mayar da wani ɓangare na wutar cikin batir.

Saboda haka ta fi yin auki a tafiyar cikin gari mai yawan tsayawa, saɓanin motar fetur wadda ta fi auki a doguwar hanya.

Ana iya kwatanta kuɗin da farashin ƙarshen shekara ta 2024. Babur ɗin fetur da ke shan lita 2 a kilomita 100 zai ci wajen naira 2,000.

Na lantarki zai ja kimanin yunit 4 da rabi daga bango, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen caji. A kan farashi mafi tsada na wancan lokaci, wato naira 200 da 'yan kai kowane yunit, kuɗin bai kai naira 1,000 ba.

Wannan rata ita ce ribar da ɗan acaɓa ke hange. Daga cikinta ne kuma zai tara kuɗin sabon batir idan na farko ya gaji.

Adadin kamfani da na kan hanya

Nisan da kamfani ke rubutawa a takardar talla yana fitowa ne daga gwajin da ake yi a ɗakin bincike, cikin yanayi mai matsakaicin zafi, ba kaya, ba yashi.

Akwai manyan ma'aunai guda uku. Turai na amfani da WLTP, Amurka na amfani da na hukumar kare muhalli ta EPA, Sin kuma na amfani da CLTC.

Ma'aunin Amurka ya fi kusa da abin da direba ke gani. Na Sin ya fi ba da adadi mai yawa, saboda gwajin nasa ya fi karkata ga tafiya a hankali. Wannan yana da muhimmanci, ganin cewa yawancin ababen hawa masu lantarki da ake ƙerawa a duniya daga Sin suke fitowa.

Mota guda na iya samun adadi uku mabambanta a ƙarƙashin ma'aunan uku. Don haka ya kamata mai saye ya tambayi da wane ma'auni aka auna.

Motar Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas aka kuma ƙaddamar da ita a watan Nuwamban 2020, tana da batirin yunit 64, kuma an ce tana cin kimanin kilomita 480 a caji ɗaya.

A takarda wannan ya ishi zuwa Katsina daga Kano da dawowa, tun da tsakaninsu wajen kilomita 170 ne. A kan hanya, da gudu da fasinja da na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu, ragowar da za a dawo da ita ba za ta kai yadda lissafin takarda ya nuna ba.

Abubuwan da ke cinye caji

Na farko shi ne gudu. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta kan ninku sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana shan wuta fiye da mai gudun 80 nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne nauyi. A mota bambancin bai cika yawa ba, amma a babur yana da girma, domin fasinja biyu da buhun gero sun fi babur ɗin kansa nauyi.

Na uku shi ne hanya. Yawancin ƙasar arewacin Kano jigawa ce. Taya idan ta nutse a yashi tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta juya, haka nan a taɓon damina. Kilomita 10 a hanyar gona ta fi kilomita 10 a kwalta cin batir.

Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ma tana ƙara sha, kamar yadda sarƙa maras mai ko birkin da ke riƙewa ke yi.

Na huɗu shi ne na'urar sanyaya mota. A wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a shekara ta 2019, an gano cewa nisan zango ya ragu da kashi 17 cikin 100 a zafin digiri 35 idan na'urar na kunne.

A wannan gwajin, sanyin da ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri ya rage nisan da kashi 41 cikin 100 idan ana ɗumama motar. Irin wannan ne ke damun direbobin Turai da Kanada. Sanyin hunturun Kano bai kai ya yi wannan illa ba.

Nau'o'in batir

Batir mai ruwa, wanda ake yi da dalma, shi ne aka fi sani, domin shi ke tayar da mota kuma shi ke cikin yawancin inbatocin gidaje. Yana da araha amma yana da nauyi. Ya kan yi caji 300 zuwa 500 kafin ya gaji, kuma idan ana yawan shanye fiye da rabinsa ya kan mutu da wuri.

Batirin litiyam, irin na wayar salula, kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a shekara ta 1991. Masana uku da suka share fagen samar da shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2019.

A ababen hawa an fi amfani da iri biyu na litiyam. Akwai NMC, mai haɗin nikel da manganis da kobal, wanda ke ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki. Akwai kuma LFP, mai haɗin ƙarfe da fosfet.

LFP ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi araha, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, sannan ya kan yi caji 2,000 zuwa 3,000 ko fiye. A yanki mai zafi da gajerun tafiye-tafiye, waɗannan halaye sun fi ɗan ƙarin nisa amfani.

Farashin batirin litiyam ya faɗi ƙwarai. Cibiyar BloombergNEF ta ce a 2010 ya haura dala 1,000 kan kowane yunit, amma a 2024 ya sauko zuwa dala 115. Duk da haka batir ne kaya mafi tsada a jikin abin hawan, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi.

Zafi

Batirin litiyam ya fi lafiya tsakanin digiri 15 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. A bazarar Kano, musamman watannin Afrilu da Mayu, zafi ya kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuwa ya fi haka.

Illar zafi ba ta fitowa a rana ɗaya. Yana hanzarta sauye-sauyen da ke faruwa a cikin batir ne, ta yadda abin da yake iya ɗauka zai riƙa raguwa, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa.

An ga misalin haka a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka a shekara ta 2012. Masu motar Nissan Leaf ta farko, mai batirin yunit 24 wanda ba shi da ruwan sanyaya shi, sun koka cewa batiransu sun yi rauni cikin shekara ɗaya ko biyu. Daga bisani kamfanin ya ƙara garantin da ya shafi raguwar ƙarfin batir.

Yawancin motocin zamani suna da ruwan da ke zagaya batir yana sanyaya shi. Kamfanoni da dama suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, bisa alkawarin cewa batirin ba zai gaza kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba.

Babura da kekuna masu ƙafa uku galibi ba su da wannan kariya. Iskar waje ce kaɗai ke sanyaya su. Ke nan kulawar mai shi ce ke zama kariyar.

Batir mai ruwa ma bai tsira ba. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin tsawon ransa.

A ina za a yi caji?

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. 'Yan rukunin A ya kamata su samu aƙalla awa 20 a rana, 'yan rukunin E kuma awa 4.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin yunit zuwa naira 225, kafin daga baya a ɗan rage. Layukan ƙauyuka ba kasafai suke cikin wannan rukuni ba, wasu ƙauyukan ma turakun wuta ba su isa gare su ba.

Babur na buƙatar awa 3 zuwa 6 a soket ɗin gida. Mota mai batirin yunit 60 kuwa za ta yi fiye da awa 24 a irin wannan soket. Da na'urar caji ta bango mai kilowat 7 za ta cika cikin dare ɗaya, da babbar na'urar caji mai sauri kuma za ta kai kashi 80 cikin ƙasa da awa guda.

Ko inda akwai wutar, ba a rasa yankewa. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Wanda abincinsa ya dogara da cajin wutar gwamnati kaɗai, a irin wannan lokaci sai ya jingine babur.

Yin caji da janareta kuwa ba ya fitar da kuɗi. Ƙaramin janareta yana ba da yunit 1 zuwa 2 ne daga kowace lita. Kafin a samu yunit 4 da rabi za a ƙona wajen lita 2 zuwa 4 da rabi, wato daidai ko fiye da abin da babur ɗin fetur zai sha a wannan tafiya.

Saura hasken rana, wanda yankin ke da shi a wadace. Faifan sola masu ƙarfin kilowat 1 suna iya ba da yunit 4 zuwa 5 a rana a Kano. Wannan ya ishi babur ɗaya tafiyar kusan kilomita 100. Mota mai yunit 60 kuwa sai ta jira kusan mako biyu kafin ta cika daga waɗannan faifan.

Ƙurar hunturu tana rage abin da faifan ke bayarwa idan ba a goge su, haka ma hadarin watan Agusta.

An riga an ga manyan ayyukan sola a jihar. A watan Satumban 2019 an buɗe tashar megawat 7.1 a jami'ar Bayero, a watan Janairun 2023 kuma aka buɗe mai megawat 10 a Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso. A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin samar da wuta ta ƙananan tashoshi da solar gidaje, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ke gudanarwa.

Musayar batir

Matsalar sola ita ce rana tana fitowa ne a lokacin da babur ke kan aiki. Hanyar da aka bi wajen warware wannan a wasu ƙasashe ita ce musayar batir.

Ɗan acaɓa ya kan je tasha ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wutar da ya sha. Batirin mallakar kamfani ne, don haka kuɗin sayen babur ɗin ya kan ragu, kuma asarar gajiyar batir tana kan kamfanin.

Kamfanin Ampersand ya fara wannan a Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2019. Kamfanin Spiro ya yi haka a Benin da Togo kafin ya shiga wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya. Kamfanin MAX kuma ya gwada babura masu lantarki a ƙauyen Gbamu-Gbamu na jihar Ogun, inda ake cajinsu daga ƙaramar tashar sola ta ƙauyen.

Tsarin ya fi dacewa da wurin da jama'a ke da yawa kuma tafiya ba ta da nisa, domin tasha guda za ta samu masu zuwa da yawa. Aibinsa shi ne batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani, kuma idan kamfanin ya rufe tasha, mai babur ya rasa inda zai nufa.

Ɗabi'un caji

Tsohuwar al'adar barin batir ya ƙare ƙaf kafin a sa shi a caji ta samo asali ne daga batiran nikel na da. Ga batirin litiyam cutarwa ce. Ya fi son a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan.

Ga batirin NMC, shawarar da kamfanoni suka fi bayarwa ita ce a tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 80 a aikin yau da kullum, a cika shi sai za a yi doguwar tafiya. Abin da ya fi gajiyar da shi shi ne zama a cike cikin zafi na tsawon lokaci.

Batirin LFP ya fi jure cikawa. Ana ma so a riƙa cika shi lokaci-lokaci domin ma'aunin da ke nuna ragowar caji ya daidaita.

Batir mai ruwa kuwa akasin haka yake. Yana so a cika shi bayan kowane aiki, kuma barinsa a sheƙe na kwanaki yana kashe shi. Don haka wajibi ne mutum ya san irin batirin da ke hannunsa kafin ya ɗauki shawarar kowa.

Idan aka dawo daga aiki batir na da zafi, ya kamata a bar shi ya huce na wajen rabin awa kafin a jona shi. Dare da asuba sun fi tsakar rana dacewa. Idan da sola ake yi, to batirin ya kasance a inuwa mai iska, ba a ɗakin kwano da ke rufe ba.

Caji mai sauri yana ƙara wa batir zafi, shi ya sa aka fi so a bar shi don ranar tafiya. Daga kashi 80 zuwa sama ma na'urar kanta ta kan rage gudu.

Idan za a ajiye abin hawa na makonni, misali mai shi zai tafi ci-rani, a bar batirin litiyam da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi.

Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona caja, saboda haka na'urar daidaita wuta tana da amfani. Haka nan siririyar wayar jone-jone ba ta ɗaukar nauyin caji na awoyi.

Gobara da tsohon batir

Gobarar batirin litiyam ba ta cika faruwa ba, amma idan ta tashi tana da wuyar kashewa. Ta fi aukuwa daga cajar da ba ta batirin ba, ko batirin da ya faɗi ya lotsa, ko wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi.

A birnin New York mutane 18 ne suka mutu a irin wannan gobara a shekara ta 2023, akasari daga kekuna da ƙananan babura da ake caji a cikin gidaje. Indiya ma ta tsaurara ƙa'idojin batir bayan da babura da dama suka kama da wuta a bazarar 2022.

A gidan ƙauye, inda ake tara kara da harawa kusa da rumbu, ya kamata wurin caji ya yi nesa da su. Kada a yi shi a ɗakin kwana ko a zauren da shi kaɗai ne mafita. Batirin da ya kumbura ko yake wari a fitar da shi waje nan take.

Tsohon batir mai ruwa kuma yana ɗauke da dalma. Arewacin Najeriya ya san illar wannan guba, tun da a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a jihar Zamfara sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje. Fasa batir ko narka dalmarsa a unguwa na jefa yara cikin irin wannan haɗari.

Inda aka kwana a Najeriya

Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2024 an sayar da motoci masu lantarki fiye da miliyan 17, wato sama da kashi 20 cikin 100 na sababbin motocin duniya. A wannan shekarar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal na masu zaman kansu.

A Najeriya harkar tana matakin farko. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana samfurin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa, a watan Afrilun 2021, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas na fetur zuwa masu lantarki. A watan Disamban 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da gas da lantarki. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanya motoci masu lantarki cikin kayan da aka cire wa harajin VAT.

Har yanzu akwai giɓi a wajen gyara. Kayan babur ɗin fetur ana samunsu a Ƙofar Ruwa da kowace kasuwar ƙauye, kuma kowane gari yana da bakanikensa. Na lantarki ba ya buƙatar juyen baƙin mai ko canjin fulogi, amma idan na'urar da ke sarrafa batir ta lalace, sai an nemi wanda ya koyi aikin.

Mai sayen tsohuwar mota daga waje yana da ƙarin aiki, wato ya sa a auna lafiyar batirin da kwamfuta, domin fenti da kujeru ba sa nuna kason da ya rage.

Kafin a fitar da kuɗi, ana ba da shawarar mutum ya auna kilomitocin da yake yi a ranar da ta fi kowace aiki, kamar ranar kasuwa. Sai ya rage wajen kashi ɗaya cikin uku daga adadin da kamfani ya rubuta, saboda yashi da kaya da gajiyar da batir zai yi nan gaba.

Idan abin da ya rage ya ishi wannan rana, sai ya tambayi nau'in batirin da tsawon garantinsa da kuɗin sabo, sannan ya tabbatar yana da hanyar caji ta biyu ranar da aka ɗauke wuta.